Rabin Takardar Likita

Shekarar da aka sallami Yayana daga aikin tashar jiragen ruwa, rabin mazan unguwarmu New Bell a Douala ma zaman kashe wando suke yi. Komai ya lalace sai a ce la crise ce, wato matsin tattalin arziki, ko miya ce ta yi tsami. Lokacin da yake da albashi, giyar kwalba yake sha can unguwar Akwa, nesa da idon 'yan unguwa. Da albashi ya yanke ya koma odontol, barasar nan ta gida mai warin kananzir. Kowa a gidanmu ya sani, amma ba wanda ya taɓa furtawa.

Idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, ciki ya kumbura. Inna ta ce shawara ce, ta yi ta ɗura masa jiƙo tana ba shi rake. Sai da ya yi aman jini a tsakar gida muka kai shi asibiti, ni da Kawu, ƙanin Inna, mai sayar da atamfa a kasuwar Mboppi. Kawu bai daɗe da zuwa daga Najeriya ba, ba ya jin Faransanci, saboda haka ni ce tafinta.

Likita ya danna cikin Yaya, ya tambaya ko yana shan giya. Na fassara. Kawu ya harare ni.

"Gaya masa ɗan Musulmi ne."

Na ce wa likita ba ya sha. Yaya yana kwance, yana jin Faransanci fiye da ni, ya kawar da kai. Da bakina na yi wannan ƙaryar, kuma ni ba yarinya ba ce a lokacin.

Kwana uku da kwantar da shi, jikinsa ya kama kakkarwa. Ya fizge robar ƙarin ruwa, yana ihu wai ƙadangaru na hawa gadonsa. Kawu ya ce aljanu ne, a mayar da shi gida a kira malam. Likita ya ja ni gefe ya sake tambayata, wannan karon na faɗi gaskiya. Ya yi mini wankin babban bargo. Ya ce wanda jikinsa ya saba da barasa, in aka yanke masa farat ɗaya ba magani, yana iya mutuwa, kuma da mun faɗa tun farko da bai sha wannan azabar ba.

Yaya ya tsallake. Ranar sallama likita ya ba mu takarda. A sama magungunan hanta ne. A ƙasa ya rubuta cewa kowace Alhamis a kawo shi wani ɗaki a bayan asibitin, inda ake taimaka wa masu son daina sha. Ya ce hantar da shan tare ake maganinsu, in aka bar ɗaya aikin banza ne.

A gida na karanta musu. Inna ta tambayi inda ɗakin yake. Na ce kusa da wurin awon ciki.

"Inda matan unguwar nan ke layi?" in ji Kawu. "Wallahi ba za a yi ba. Mu zama abin faɗi a Douala?"

Ya karɓi almakashin Inna ya raba takardar biyu, yanka miƙaƙƙe irin na mai atamfa. Aka sayo magungunan sama duka, ba a rage ko ƙwaya ɗaya ba. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Sun fi tsoron bakin matan unguwa a kan su wanke gawar ɗansu.

Yaya ya ji abin da likita ya ce da kunnensa. Ranar Alhamis ya yi wanka, ya sa farin kaftani da hula, ya zauna bakin ƙofa. Ƙafafunsa a kumbure suke, ba ya iya hawa taksi shi kaɗai.

"Ƙanwata, raka ni mana," ya ce a hankali.

Na ɗauko mayafi. Inna ta ce in na fita ba ta yafe ba. Na tsaya riƙe da mayafin, sannan na mayar da shi kan igiya.

Ya jira ni har aka kira azahar. Sai ya cire hular ya ajiye kan benci, ya dafa bango, ya bi lungun da ke fita Kassalafam wajen masu odontol. Bai ga damina ta gaba ba.

Na daɗe ina tsine wa Kawu da almakashin nan. Amma ni Yaya ya roƙa, ba Kawu ba.