Ila da Shuuu na Farkon Duniya

Duk wanda ya san Ila mai gyaran rediyo a Konni ya san ba ya kama tasha. Sai ya murɗa zuwa inda babu komai sai shuuu, ya manna kunne. In na yi sallama ya ɗaga min hannu: "Yi kurum, Garba!"

Wani malamin makaranta ne, mushen lakwal, ya ja mana. Shi ya ba Ila labarin masanan da na'urarsu ta yi ta jiyo shuuu daga ko'ina a sama. Suka zargi kashin tattabarun da ke cikin na'urar, suka share, ƙarar tana nan. Ashe sauran ɗumin farkon halitta ne! Ila kuwa injinan siminti na Malbaza, inda ya taɓa aiki, sun riga sun cinye masa kunne ɗaya, ɗayan ma yana tafiya. Ya rantse sai ya ji abin nan kafin kunnen ya rufe.

A ranar ya hau rufin shago da tsintsiya, ya fatattaki tattabarun maƙwabci.

Mushe ya ce, "Malam Ila, rediyonka tsawa kawai yaka jawowa."

"Duka-duka?"

"To, wataƙila ɗan kaɗan..."

"Kaɗan ɗin nika biɗa!"

Sai kuma mushe ya kawo wani: wai in manyan taurari suka yi karo, sararin sama kansa girgiza yake, har wani masani ya rataye ƙarfe don ya kama girgizar. Ila ya rataye tsohon ƙarfen mota, ya ɗora masa kwanon ruwa. Duk Laraba da hantsi ruwa ya yi rawa, shi ko ya tara jama'a. Alhali ni ne nake wucewa da kamiyo, babbar motar siminti! Da na gaya masa, ko kunya babu: "To sake hanya mana, kana ɓata min aiki!" Wallahi wata biyu ina zagaye.

Shekarar da kunnen ya rufe, na tarar da shi rediyo a kashe, yana ta murmushi. Na nuna rediyon da hannu.

"Na kama ta, Garba! Cikin kaina taka yi yanzu. Kuma babu sayen pil, ta huta da batir!"

Na san ciwon kunne ne. Amma don tausayi sai na riƙe hannunsa na yi masa barka.

Allah Ya jiƙan Ila, Ya buɗe masa kunnuwansa a Aljanna, Ya sanar da shi abin da ya yi ta nema.