Hure Ba Ta Raba Curi

Duk wanda ya taɓa sayen sabulun salo a hannun Hure, can wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa, ya san halinta guda: ba ta raba curi. Ka zo da kuɗin rabi, sai ta ɗora maka curin sukutum ta ce, "Tafi da shi." Ka nace sai an yanka, ta rufe ƙwaryarta ta juya maka baya. Mutane suka ce rigimar tsufa ce. Ni kam haushi nake ji in na ji ana faɗar haka, don masu faɗar ba su san komai ba.

Hure gadon sana'ar ta yi. Ta ƙona karan gero, ta tace tokar, ta dafa ruwan da man gyaɗa tana tuƙawa har ya kama, sannan ta cura. Nata ake nema in an yi haihuwa, don ba ya cin fatar jariri. Sai shekarun fari suka zo, cuta kuma ta bi gyaɗa ta kwantar da ita a gona. Man miya ma ya gagara, balle na sabulu. Mijinta ya tafi ci-rani kudu, shiru kake ji.

Ana cikin haka aka kawo mata Sauda goyon ciki. Sauda ce 'yar farinta, kun kuwa san al'ada: uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta nuna mata so a idon jama'a. "Ke" kawai take ce mata tun tana zanin goyo. Abu ɗaya ne kunya ba ta hana ta ba, wato ta yi wa 'yarta sabulun wankan jego da na jariri da hannunta. Don haka ta ɓoye man gyaɗa kwalba guda a ƙarƙashin gado, ko ita ba ta taɓawa.

To, Sauda ta zo a rame, ƙafa a kumbure, ido fari fat. Hure ta dubi kwalba, ta dubi yarinya. Sai ta fara ɗiga mata man a tuwo.

"Inna, ina kika samo mai?"

"Ke dai ci."

Kafin a ankara kwalba ta zama fanko, ciki kuma ya tsufa.

Nan Hure ta shiga neman man da talaka zai iya samu. Ta roƙi mahauci ragowar kitse; sabulun ya yi tauri kamar dutse, ga wari, ƙudaje ne kaɗai suka yi murna. Ta tsinto 'ya'yan darbejiya ta daka ta matse. Warinsa ya sa Sauda amai har ta galabaita. Ta gwada man zurma. Wannan kuwa ƙin kamawa ya yi, sai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Maƙwabta suna leƙowa ta kan danga suna cewa, "Hure, yau kuma wane magani ake dafawa?" Ita dai tuƙinta take yi.

Yadda take gwaji shi ne abin tausayin. Ta fara ɗanawa a harshe, in ya yi zafi toka ta yi yawa. Sannan ta shafa a cikin damtsenta inda fata ba ta da ƙwari, ta ɗaure da tsumma ta wuni da shi. Hannun nan ya saɓule, ya yi ƙuraje, ya warke, ya sake saɓulewa. Wata rana Sauda ta gani, hawaye ya zubo mata.

"Inna, don Allah ki bari. Ko da ruwa zalla ma a yi wankan."

"Wa ya ce miki naki nake yi?" in ji Hure, ta ja mayafi ta rufe hannun.

Aduwa ce ta fid da ita. A shekarun nan kowa tsotsar aduwa yake don yunwa, ya yar da ƙwallon. Hure ta bi gindin itatuwa tana tsintar abin da aka tofar, babbar mace da ita, ta zauna tana fasawa da dutse har yatsunta suka farfashe. Ta soya ƙwayar, ta daka, ta matse. Man da ya fito bai cika ludayi biyu ba. Ta haɗa da ɗan kitsen da ta wanke ta sake wankewa, ta tuƙa. Curi ɗaya tak ya fita. Ta ɗana a harshe, lafiya. Ta ɗaura a damtse ta wuni, lafiya lau. Ranar har waƙa aka ji tana yi a madafa.

Naƙuda ta zo da hantsi. Jaririya ta faɗo da ranta, tana tsala kuka. Amma jini ya ƙi tsayawa, jikin da yunwa ta riga ta cinye kuwa ba shi da abin bayarwa. Kafin a samo motar da za ta kai ta asibiti, Sauda ta cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ungozoma ta leƙo ta ce a kawo sabulu a wanke jaririya. Tsohuwar da ke wankan gawa ita ma ta ce a kawo sabulu. Gidan nan kaf babu wani sai curin nan. Hure ta tsaya da shi a hannu, ta daɗe. Sannan ta ɗauko wuƙa ta raba shi biyu. Ta miƙa wa ungozoma rabi. Ta miƙa wa tsohuwar ɗaya rabin, ta ce, "Wannan na Sauda ne."

Matan da ke wurin suka fashe da kuka, don ranar suka fara jin sunan a bakinta, mai sunan kuwa ba ta ji ba.

Sabulun bai ci fatar jaririyar ba ko kaɗan. Tsohuwar ma ta fito tana cewa ba ta taɓa wanka da mai laushinsa ba, har tana tambayar da wane mai aka yi. Hure ta raini jikarta da sana'ar nan, damuna ta dawo, gyaɗa ta dawo, amma har ta koma ga Allah ba ta sake ɗora wuƙa a kan curi ba.