Abarshi Janwe da Saniyar Hammadu

Abarshi ɗan goggona ne, ni kuma 'yar kawunsa. Taubashina ne ke nan, kuma a al'adarmu ɗan mace bawan 'yar namiji ne, ko ya ƙi ko ya so. Ya girme ni nesa ba kusa ba, gemunsa ya yi fari fat, amma a duk Birnin Gwari ni kaɗai ce zan tsaya tsakiyar tasha in ce masa tsohon banza ya bushe da dariya. Sunana Sadiya, sana'ata sarin hatsi. Ina bin ƙauyuka in sayo masara da dawa da waken suya in kawo kasuwa, kuma rabin rayuwata a gaban motarsa na yi ta, ina shan ƙura ina yi masa tsiya.

Motar a-kori-kura ce fara, tsohuwa tukuf, mai shan gas, wato dizal. In ya tashe ta da safe unguwa duka sai ta sani. Ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta. Na sha gaya masa ya kai ta wurin 'yan gwangwan su ba shi robar wanka, sai ya ce mini kada in bari ta ji.

Ni da nake haya na hau kowace iri, don haka ba wanda zai gaya mini bambancinsu. Mai fetur tana da nata kirkin. Ba ta gardamar tashi, a kwalta kuwa sai dai ka ga ƙeyarta, kuma kowane bakanike na gindin bishiya ya san cikinta. Amma lafta mata buhuna ta fuskanci tudu, za ka ga allurar mai tana sauka kana kallo. Mai gas kuma ga nauyin jiki, ga ƙara, ga hayaƙi, in famfon manta ya lalace sai Kaduna. Sai dai a cika ta sau ɗaya a je Tabanni a dawo, a sake komawa, ba ta nemi ƙari ba. Da kaya da babu kaya, shanta bai cika bambanta ba.

Wajen ja kuwa ba a ma haɗa su. Mai fetur sai an taka totur ta yi ta kururuwa kafin ƙarfinta ya zo, in ya zo kuma da fizga yake zuwa. Mai gas ƙarfinta a ƙasa yake, tun injin yana numfashi a hankali take ja, kamar san noma. Da wannan Abarshi ya yi suna. Motar da ta kafe a taɓo, injin casa da za a kai gona, bas da ta mutu a daji yamma na gabatowa fasinja na ta salati, duk shi ake aika wa. Bai taɓa yanka wa mutum farashi ba, a zuba masa mai a yi masa addu'a shi ke nan. Har aka daina ce masa Abarshi direba, aka koma Abarshi Janwe.

Sai shekarar nan ta zo da gas ya yi tashin gwauron zabo, fetur kuma yana nan da araharsa. Ƙarancin shan da motar take yi ya daina rufe tsadar. Ga gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo saboda taurin kuloci, ga famfo ya soma tari. Matarsa A'isha ta yi ta yi masa magana, ni ma na sa baki, don gaskiya gare ta. A lokacin akwai Sadisu, magidanci mai jini a jika, yana da a-kori-kura mai fetur shuɗiya tsaf, yana kuma son shiga ɗaukar itace da yashi, aikin da ke son mota mai ƙashi. Aka yi maganar musaya.

Ranar da za a yi, na tarar da Abarshi zaune a inuwar motar ya yi tagumi.

Na ce, "Bawana, mutuwa aka yi?"

Ya ce, "Sadiya, ba ƙarfen nake ji ba. Tsorona ɗaya. Duk shekarun nan ban sani ba, ni ake kira ko ita. In ta bar hannuna, wa zai sake buga mini ƙofa?"

Na ce masa masu bin sa kuɗin goro za su buga. Ya yi murmushin yaƙe. Amma maganar ta zauna mini a rai, don na san mutumin nan, abinci bai dame shi ba kamar a ce ana bukatarsa.

Aka yi musaya a gaban shaidu, ya ce ya sallama. Kuma wallahi shuɗiyar ta karɓe shi. Gwiwa ta huta, A'isha ta daina wankin riguna masu baƙin mai, matan kasuwa suka riƙa rububin motarsa don ba ta girgiza musu ƙwai. Da aka cire tallafi fetur ma ya haura, 'yan tasha suka yi ta yi masa dariya wai ya gudu daga ruwa ya faɗa rijiya. Shi ma ya taya su, ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma bai taɓa cewa a warware ciniki ba. Abu ɗaya ne kawai. Damina ta shigo, motoci suna ta kafewa a hanya, ba wanda ya aiko masa. Yana jin labari a tasha, an kira Sadisu nan, an kira Sadisu can. Sai ya tashi ya hau goge gilashin da ba datti.

Cikin marka ne na ɗauke shi mu je wajen Saminaka in duba tsohuwar masara a rumbun wani manomi. Da hantsi muka gangaro wata fadama, sai ga taron mutane, ga kuma farar motar tsaye a kan tudu tana hayaƙi. Abarshi ya rage gudu, ya ce a hankali, "To, an kira mota." Na ji tausayinsa.

Saniya ce ta nutse a laka har ƙirji. Ta Hammadu ce, wani makiyayi da muka daɗe da sani, wanda ɓarayin daji suka kore wa garke shekarun baya, suka bar shi da 'yan ƙalilan. Wannan ita ce uwar abin da ya rage masa, ga ta da tsohon ciki. Tun safe suke fama, ta gaji har ta daina yunƙuri. Makiyayan sun yi nasu daidai. Sun haƙe gefen ƙafafunta, sun naɗe buhuna sun yi mata ɗamara mai faɗi a bayan ƙafafun gaba, sun ɗaura doguwar igiya zuwa mota.

Muna isowa Sadisu ya ja. Yaron kirki ne, amma ƙafarsa ta mai fetur ce, ta saba in ba a ba da wuta ba mota za ta mutu. Ya taka totur, motar ta zabura, igiya ta yi ƙara, saniyar ta saki wani kuka da har yau ba na son tunawa. Ɗamarar ta zame ta hau wuyanta. Hammadu ya ɗaga hannu biyu yana cewa a tsaya. Aka koma aka gyara ɗamara, kowa ya san in aka sake fizga irin wannan, ko dai ƙashi ya karye ko cikin ya zube.

Daga nan sai aka tsaya cirko-cirko. Hammadu ya dubi Abarshi ya sunkuyar da kai. Ba zai iya cewa a ba wani mota a gaban mai ita ba, bayan shi ya aika a kira shi, kuma mutumin ya baro aikinsa ya zo. Sadisu yana riƙe da sitiyari gumi na zuba, ya san ya kasa, amma sauka a gaban jama'a da nauyi, kuma yana jin kunyar ya sa dattijo aiki. Abarshi kuwa ya tsaya can gefe ya harɗe hannu a baya. Ya sallama mota, ba a kira shi ba, ko za a yanka shi ba zai ce a ba shi ba. Maza sun fi goma, kowa yana yi wa kowa kara, saniya tana ƙara nutsewa.

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, yau kunya za ta kashe dabba da ɗanta a ciki. To ni Allah ya ba ni abin da ba su da shi, don bakin taubashi ba a kai shi ƙara. Na gyara mayafina na taka har gaban motar, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sadisu ɗana, alfarma na zo nema. Wancan bawan nawa tun safe yake cin ƙosaina bai yi mini aikin komai ba. Ara mini kujerarka in sa shi aiki, in ga ko tsufa ya bar masa ƙafa."

Na juya wajen Abarshi na ce, "Kai kuma tsohon banza, tsayuwar me kake yi? Sai na karyo tsumagiya?"

Wani ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Sadisu ya diro da sauri kamar an sauke masa dutse, ya ce, "Goggo, ai bawanki ne, yadda kika ce haka za a yi." Abarshi ya girgiza kai ya ce, "Kun gani ko, jama'a? Haka nake fama da ita." Amma kafin ya rufe baki ya riga ya tuɓe takalmansa.

Ya shiga ya zauna, ya sa lamba ɗaya. Ƙafarsa ta dama a ƙasa ya ajiye ta, ko kusa da totur bai kai ta ba. Ya leƙo da kai ta taga idonsa a kan saniyar, ya riƙa sakin kuloci kaɗan kaɗan, har igiyar ta miƙe ba wanda ya ga lokacin da ta miƙe. Injin yana ta bugawa a hankali. In saniyar ta yi nishi sai ya tsaya, ya ce a ƙara haƙa, a bar ta ta huta, sannan ya sake. Makiyaya suna cikin laka har cinya suna tallafe ta, Hammadu yana shafa mata wuya yana yi mata magana da Fulatanci. Can sai lakar ta yi wata ƙara ta sake ta. Ta zamo kan ciyawa ta kwanta, muka tsaya muna kallo. Da ta huta ta kafa gwiwa, ta yi rawar jiki, ta miƙe.

Hammadu ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar motar. Hausarsa ta gudu, sai "Mi yetti, mi yetti" yake ta maimaitawa, godiyarsu ke nan. Abarshi bai daɗe a kujerar ba. Ya sauko ya bar injin a kunne, ya ce wa Sadisu, "Na gode da aro," ya ɗauki takalmansa muka wuce. Har muka kai Saminaka yana ta murmushi shi kaɗai. A dawowa ya ce mini, "Ke dai ba ki da mutunci." Na ce gadonsa na yi wajen goggona, uwarsa.

Ranar kasuwa muna tasha ana loda wa shuɗiyar kayan mata, sai ga Sadisu. Ya durƙusa ya gaida Abarshi, ya zaro wani sabon makulli yana ƙyalli, ya miƙa masa da hannu biyu.

Ya ce, "Baba, na je an yanko mini na biyu. Mota dai tawa ce, amma ja naka ne. Na gaya wa 'yan tasha, duk wanda ya zo neman ja a kai shi wurinka. In ba na nan kada ka jira ni."

Abarshi ya karɓa, ya yi ta juya shi a tafin hannu. Sannan ya sa shi a aljihun ƙirji ya dafe da hannu, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka riƙa duba mata ruwa da safe, ba ta son ƙishirwa."