Ƙafar Surukina

Shekarun da aka samu mulkin kai, surukina ya tsufa ƙwarai. Ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, ga gyambo a ƙafar hagu. Da rani yana wurinmu a Tambuwal, da damina a kai shi Kebbe gidan ɗiyarsa, ƙanwar maigidana, wadda kan biyo shi in ya dawo.

Masu kula da shi kam, sai godiya. Malamin asibiti ya ce a wanke da ruwan gishiri a naɗe. Wanzami ya ce a buɗe ya sha iska. Ƙanwar maigida ta barbaɗa wani baƙin gari. Kowa ya faɗi tasa ya tafi gida da ladarsa.

Ni kaɗai na yi ajin yaƙi da jahilci, ni ke karanta takardar asibiti. Ni ce kuma kunyar surukuta ta hana in yi wa tsoho magana, balle in taɓa shi. Sai in tsaya bayan zana in karanta wa maigida, shi ya faɗa wa ƙanwarsa, ita ta kwarara wa tsoho a kunne. "Safe da maraice" kan isa gare shi ya koma "in an samu hali".

Wata Talata malamin asibiti ya zo bisa kekensa, ya kwance tsumman, ya kau da kai.

"Wa ka wanke ta?"

"Duk muna wankewa," in ji maigida.

"Shi ya sa. In ta ƙara mako biyu haka, Sakkwato za a kai shi a yanke."

Da gari ya waye na ɗumama ruwa, na shiga ɗakin tsoho, kaina a sunkuye.

"Yaya, kana kallo matarka za ta kama ƙafar Baba?" in ji ƙanwar maigida.

Yaya ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki.

Tsoho ya ji baƙon hannu. "Wa na na?"

"Surukarka ta!" ta faɗa masa da ƙarfi.

Har na fara janye ƙwaryar ruwan, sai ya ce:

"To, ni ba ni ganinta. Ita ma kada ta ɗago kai. A ci gaba."

Haka muka yi har naman ya haɗe, ban san komai nasa ba sai daga gwiwa zuwa ƙasa. Da ruwa ya sauka, da ƙafafunsa biyu ya hau mota. Dangi suka shekara suna ba da labarin rashin kunyata, babu kuwa wanda ya ce in koya masa wankin.