Hannun Madam da Bindigar da Ba a Saya Ba

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina aiki a gidajen mutane a Alƙahira, amma rana ɗaya ce har yau in na tuna ta nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige: ranar da na raka Madam Nadiya zaɓen bindiga. Ku da kuke taruwa a ɗakina ran Juma'a kuna ce mini Inna Hawwa mai faɗa, ku buɗe kunne, yau kaina zan yi wa faɗan. Ban san biro ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka yadda abin ya faru haka za ku ji shi.

Ga wanda bai san aikinmu ba, hawa-hawa ne. Akwai shaggala, mai zuwa ta yi shara da goge-goge ta tafi. Akwai dada, mai rainon yara. Sai wadda ta daɗe har aka damƙa mata makullai, ta san maganin gida, ta san wanda za a buɗe wa ƙofa. Daga ƙasa na fara bayan zuwanmu daga garinmu Gadarif, kuma a gidan Madam a unguwar Muhandisin na kai matakin ƙarshe. Shekara goma sha huɗu muna tare. Dokar da aka koya mini, nake kuma koya muku, ita ce rufin asiri: abin da kika gani a gidan aiki, a can za ki bar shi.

Madam tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, mijinta ya rasu. Ɗanta ɗaya, Karim, injiniya, yana zaune da iyalinsa a can gefen gari. Dada yake ce mini, ko da yake ban goya shi ba.

Kusan shekara guda kafin ranar, na lura hannunta na dama yana rawa. Ba kullum ba. Da safe ras yake. In la'asar ta yi, ko ta gaji, ko ranta ya ɓaci, sai ya fara kaɗawa. Me na yi? Na rage cika mata kofin shayi. In baƙi sun zo, ni ke zubawa. Nakan sa mata zare a allura tun ba ta nema ba. In kofi ya suɓuce mata, kafin ta juyo na kwashe na ce ni na ajiye shi a bakin tebur. Ban ce mata uffan ba, ita ma ba ta ce mini ba. Wallahi alfahari nake yi da wannan, ina ganin na ƙware.

Ana nan sai aka shiga gidan da ke ƙasa da namu, da rana tsaka. Wasu suka ce masu duba gas ne, suka ɗaure tsohon da ke ciki a kujera, suka kwashe abin da suka kwasa. Ni da magariba nake hawa makrobas, ƙaramar bas ɗin haya, in koma gida Giza, Madam ita kaɗai ke kwana. Karim ya ce ta koma gidansa. Ta ce ba inda za ta, a nan ta aurar da shi, a nan za a ɗauke ta. Bindiga take so.

A Masar ba a shiga kasuwa a sayi bindiga kamar tukunya. Sai an kai takardu ga 'yan sanda, an faɗi dalili, an binciki mutum, likita ya duba shi. Watanni aka yi ana safa da marwa. A nan na yi laifina na farko. Ni aka aika in karɓo mata lokacin ganin likita, na zaɓi ƙarfe tara na safe, da sanina. Ta je hannu ras, ya sa mata hannu a takarda.

Da izini ya fito, saura zaɓe, domin wadda aka zaɓa ita ake rubuta lambarta a lasisi. Karim ya shirya mu je wani kulob inda ake koyon harbi, ta gwada kafin a saya, kuma ta riƙa zuwa atisaye. Da hantsi aka shirya, aiki ya riƙe shi, cunkoso ya riƙe mu a kan gada. Ba mu isa ba sai bayan la'asar. Ina riƙe da jakarta, ina kallon hannun da ta ɓoye a ƙarƙashin mayafi.

Mai koyarwar Kyaftin Isam ake ce masa. A nan duk mai koyar da irin waɗannan abubuwa kyaftin ne, ko bai taɓa sa kaki ba. Mutum ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya jera ƙananan bindigogi uku a kan tebur, ya nuna mana babu harsashi a cikin ko ɗaya.

"Ya Hagga, ba da ido ake zaɓe ba, da hannu ne," ya ce da Madam, Hagga kuwa ita ce Hajiya a bakinsu. "Wannan ƙaramar kowa ita yake so, amma ta fi jaki hauri. Wannan libarba ce, ba ta da rikici, sai dai kunamarta da tauri. Wannan ta uku tana da nauyi, nauyin ke kwantar da ita, kunamarta kuwa taɓawa kaɗan take jira."

Karim ya ce, "Mama, ɗauki babbar, ɓarawo ya gan ta ma ya isa."

"Kai ko kyankyaso ka gani Dada kake kira," ta ce. Aka yi dariya.

Ta gwada jan kunamar libarbar babu harsashi, sai da ta haɗa da yatsa biyu. Ta ture ta, ta ce ta uku take so. Kyaftin ya juya ga Karim. "Ya Basha, ranka ya daɗe, tambayar da nake yi wa kowa. Akwai ciwon hannu, ko jiri, ko wani magani?"

Karim ya ɗaga kafaɗa. "Tambayi Dada, ita ke tare da ita kullum."

Duk suka kalle ni, har da Madam. Na ce, "Hannun Madam ya fi naka ƙarfi, ya Kyaftin. Da shi ta yi shekara talatin tana jan kunnen yara." Suka sake dariya. Laifi na biyu ke nan, kuma ya fi na farko, don wannan karon tambayata aka yi.

Aka sa mana abin toshe kunne. Ya koya mata tsayuwa, ya ce bakin bindiga ba ya barin wajen takardar da ake harbi, yatsa ba ya shiga kunama sai an yi niyya. Ya sa harsashi biyu. Ya tsaya a kafaɗarta.

Na farko ya tafi daidai, har ya huda gefen takardar. Karim ya tafa. Amma ƙarar ta girgiza ta, ga gajiya, sai na ga abin da na sani ya taso, daga yatsu zuwa wuyan hannu. Ta so ta ɓoye shi kamar yadda ta saba, ta jawo hannun ƙasa zuwa jikinta, yatsa kuwa yana ciki. Na biyu ya tashi. Ya daki siminti, taki ɗaya daga ƙafar ɗanta. Ɓarɓashi ya yanke shi a ƙwauri, jini ya ɓata masa wando.

Kyaftin bai yi ihu ba. Ya dafe hannunta, ya zare bindigar, ya tabbatar babu komai a ciki, ya ajiye.

"Gumi ne," Madam ta ce. "Hannuna ya yi santsi."

"Ma'alish, ba komai, Mama, kowa ma haka yake farawa," Karim ya ce, yana danna hankici a ƙafa. "Khalas, shi ke nan, ita za mu saya. Mako mai zuwa mu dawo."

Kyaftin ya zuba mini ido. Ni kuwa ɗakin kwananta nake gani, da durowar gefen gado inda za a ajiye abin, da jikokinta biyu da ke kwana a gidan duk Alhamis suna faɗo mata ba sallama.

Na ce, "Ba gumi ba ne. Shekara guda ke nan hannunta yana rawa da yamma. Na sani. Ƙarya na yi ɗazu."

Akwai maza uku a layin da ke kusa da mu, sun cire abin kunnensu, sun ji komai. Madam, matar da malamai ke miƙewa in ta shigo, ta tura hannunta ƙarƙashin mayafi kamar yarinyar da aka kama da sata.

"A gaban mutane, ya Hawwa?" Iyakar abin da ta ce ke nan.

Kyaftin ya tattara bindigoginsa. Ya ce da Karim a hankali, "Ku ga likita tukuna, ya Basha. Ku sa ƙofar ƙarfe." Ni kuma ya ce mini, "Ya Hagga, da ƙafata ce da sauƙi. Ɗanta ne."

Ba a sayi bindiga ba. Aka mayar da takardu, aka sa ƙofar ƙarfe, aka kai ta wajen likitan jijiya. Ba ta kore ni ba, amma ta yi kwana tara ba ta yi mini magana ba sai ta aiki. A na goma ina yanka molokhiyya, wato ganyen lalo, a kicin ta shigo ta zauna.

"Kin san abin da ya fi ƙona mini rai?" ta ce. "Ke ba abin da ke wuce idonki, ko ƙura a bayan firji. Da na ga ba ki ce komai ba, sai na ce wa kaina ashe ba wani abu ba ne, ni ce nake zuzutawa. Shirunki na dogara da shi, Hawwa. Shekara guda muna mu biyu a gidan nan. Ba ki sami rana ɗaya da za ki rufe ƙofar nan ki faɗa mini ba?"

Na ajiye wuƙar, na sunkuyar da kai.

To, 'ya'yana, ban ce ku zama masu surutu ba. Wadda na ji tana kai labarin gidan aikinta wajen mai gadi, ni da ita ne. Amma rufin asiri daga baƙo ake yin sa, ba daga mai asirin ba. Mu ne muke ganin hannun da ke rawa, da tukunyar da aka manta a wuta, da maganin da aka sha sau biyu, tun kafin 'ya'yan gida su gani. Mutanen da muke wa aiki suna karanta fuskarmu fiye da yadda muke zato. In kin ga abu, ki jira ku biyu, ki sassauta murya, ki faɗa, ko da za a kore ki. Ni tsoron ɓacin ranta na yini ɗaya na ji, na kira shi ladabi, har na kai ta inda ta kusa harbin ɗan da ta haifa.