Hoton ɗan matar Ngong

Shagon ɗaukar hoto na kawuna a Garoua yana da kwamfutoci uku, da wani baƙin akwatin ajiyar fayiloli a ɗakin baya, wanda waya ta haɗa da sauran. Hotunan shekaru na ciki, ba tsari ba fasali. In mutum ya zo neman tsohon hotonsa, sai kawu ya yi ta buɗe jaka bayan jaka, in ya gaji ya ce a ɗauki sabo.

Wata rana aka zo da wanda ba zai ɗauku sabo ba. Wata tsohuwa ce daga Ngong, cikin mutanen dutse da suka sauko noma. Ɗanta ya tafi Maga saro kifi a shekarun da hanya ta lalace da rashin tsaro, bai dawo ba. A shagonmu ya ɗauki hoton katin shaida, kuma ba ta da wani hotonsa ko ɗaya.

Na ce da kawu akwai dabara. Ana sa kwamfuta ta bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe sunan kowanne da inda yake, daga nan sai ka rubuta suna kawai ya fito. Na kwamfutocin bai ba ni wuya ba, na zaɓi jakunkuna ta kama aiki. Akwatin baya ne ya sha mini kai. Da farko ta ƙi ganinsa sam. Sai da na ba shi harafin da kwamfutar za ta gane shi da shi, na buɗe izini, na sake kunna komai, sannan ta fara bin sa a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne halin kawu. Tun da ɓarayi suka fasa shagon maƙwabcinmu, kullum da magariba sai ya zare akwatin, ya naɗe shi a darduma, ya ɗaure a bayan babur ya kai gida. Da safe kwamfuta ta ɗauka kayan sun ɓace, ta koma farko. In ba shi ya zare ba, an ɗauke wuta. Na yi bayani da Hausa, na yi da Faransanci, har Fulatanci na gwada. Ya ce shi ya fi yarda da ƙarƙashin gadonsa. Raina ya ɓaci sosai, amma kawu ne, ba dama in ɗaga murya.

Tsohuwar kuwa duk ranar da ta sami mota sai ta zo, ta zauna a benci da buhun gyaɗarta, ta tambaye ni ko injin ya tuna. Kunyar ce mata tukuna nake ji.

Ran nan wuta ta wuni, aikin ya yi nisa. Gab da magariba na rubuta sunan yaron, sai ga shi ya fito, ɗan ƙaramin hoto a gefen allo. Na kai hannu zan buɗe, allo ya ce ba a samun wurin. Na waiwaya, kawu na tsaye da wayar akwatin a hannu, ya zare ta.

"Gobe ka buga mata hoton, ai ba gudu zai yi ba," in ji shi.

A hanyar gida babur ya faɗa rami. Da safe akwatin ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru, kuma bai sake tashi ba. Kwana biyu ban iya kallon kawu ba, shi ma bai kalle ni ba.

Ɗan ƙaramin hoton nan da kwamfuta ta riƙe shi kaɗai ya rage. Da na ƙara masa girma sai fuskar ta dagule, don haka na buga shi yadda yake, bai fi farcen babban yatsa ba. Na miƙa mata ina ba ta haƙuri.

Ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo.

"Shi ne, ɗana," ta ce. "Ga kunnuwansa."

Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta bar mana gyaɗar a kan benci.