Takardar da ta Tafi Kiwo

Shekara tara ke nan da muka kai Gaishatu makwancinta a Issawane, amma har yau in hadarin farko ya haɗu, ita ce ke faɗo mini a rai.

Tare muka yi lise, wato babbar sakandare, a Tasawa. Ni littattafan soyayya na kasuwa sun cika mini kai, kullum ina rubuta mata wasiƙa ina kiranta tauraruwar asuba. Ita kuwa likita take son zama. Tun da rani, muna ajin ƙarshe, ta ce mu fara haɗa takardun shiga jami'a. Na ce ba a ɗinka wa jariri riga yana ciki, mu ci bak, jarrabawar fita lise, tukuna, kada baki ya kama mu.

"Kai dai, mai wasiƙa," ta ce tana dariya, "da jami'a na karɓar kalaman so, da tuni ka zama dokta."

Duk da haka ta bi maganata.

Sakamako ya fito damina ta kankama, mu biyu mun ci. Sai aka ce jami'a na son takardar zama ɗan ƙasa, ita kuma ba ta samuwa sai da takardar haihuwar uba. Babana manomi ne, a gona na same shi. Nata makiyayi ne, da an yi shuka yake kora dabbobi arewa, takardarsa na cikin jakar fata a wuyansa. Muka bi shi a babur, muna tambaya daga wannan rijiya zuwa waccan. Kafin mu cim masa an rufe karɓa.

Ba ta zarge ni ba. Da ta yi, da na samu sauƙi. Na tafi jami'a, ta koma gida. Da kaka ta yi mahaifinta ya dawo, ta haɗa komai, tana jiran a sake buɗewa. Sanƙarau ya ɗauke ta da bazara. Ranar addu'ar bakwai mahaifiyarta ta miƙo mini ambulan ɗin takardunta, ta ce, "Ɗana, riƙe. Kai ka san amfaninsu."

Yau uba kan ɗauki hoton takarda da waya ya turo daga daji, in ya samu layi. Da ta gani, na san cewa za ta yi, "Ashe da wuri aka haife mu." Sai dai ɗalibaina, don yanzu koyarwa nake, har yau sukan ce sai sun ci bak. Da sanyin safiya akan kama fara. Tun shekarar farko ta lise nake sa su tattara takardu, 'ya'yan makiyaya kuma kafin ruwan farko, tun iyaye na gida.

Wasiƙuna ban san inda suka shiga ba. Ambulan ɗinta kuwa yana nan, ba abin da ya rage a ciki. Shi nake ɗaga wa sababbin ɗalibai duk shekara, in ce musu mai shi ta shirya tsaf, ni na ce ta jira.

Allah ya jiƙan Gaishatu, ya yafe mini.